Ya Ƙare Ne, Ko Yankewa Ya Yi?

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a Zuru, da ku da ke Jami'ar Noma ta Tarayya, da waɗanda suka samu shiga shirin 3MTT, da masu koya wa kansu da tsohuwar laftof a shagon wani yayansu, akwai wani ɗan guntun aiki da nake so in ja hankalinku a kai, domin darussan da kuke kallo ba su cika tsayawa a kansa ba. Malami zai kwashe awa guda yana nuna yadda ake buɗe kullallen layi tsakanin manhaja da saba: yadda suke gaisawa, yadda ake duba takardar shaida, yadda ake musayar makulli. Da an zo wajen rufewa sai ya buga umarni ɗaya, ya ce shi ke nan. Ban ga laifinsa sosai ba. Inda yake zaune layi ba ya yawan katsewa, saboda haka ƙarshen hira bai taɓa ba shi ciwon kai ba. Ku kuwa kun san yadda sabis yake yi a hanyar Ribah ko ta Mahuta idan hadari ya taso, ko idan man janareton eriya ya ƙare. Manhajar da za ku rubuta wa mutanen nan za ta riƙa gamuwa da yankewar layi kullum, ba sau ɗaya a shekara ba.

Tun farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardun naira suka yi ɓatan dabo, babu wanda bai haddace tambayar nan ba: ya shiga ko bai shiga ba? Mai POS na riƙe da na'ura tana ta juyawa, mai saye na nuna alat ɗin da ya ce an cire masa, mai shago ya ce shi bai ga komai ba. Dalilan maƙalewar taransifa suna da yawa, kuma ba zan ce duka daga rufe layi suke ba. Amma tambayar da mutanen nan uku ke yi wa juna ita ce wadda manhajarku za ta yi wa kanta duk lokacin da bayani ya daina zuwa: wancan ɓangaren ya gama ne, ko an raba mu ne? Shiru ma magana ce a wajen mutane. A kan layin intanet kuwa shiru bai gaya maka komai ba.

Bari mu duba yadda abin yake a ciki. Layin da ke nuna ɗan kwaɗo a burauza hawa biyu ne. A ƙasa akwai TCP, mai jigilar bayani daga wannan kwamfuta zuwa waccan. A samansa akwai TLS, mai kullewa. TLS yana yayyanka bayani gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da lambar jerinta da hatiminta. Wanda ya tsaya a tsakiya, a ce mai rautar wayfai ɗin da ka hau ko wani da ya kutsa cikinta, ba zai iya karantawa ba, ba zai iya canja harafi ɗaya ba, ba zai iya zare gunduwar tsakiya ko sauya jeri ba tare da an gane ba. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne ya guntule wutsiya. Alamar da TCP ke aikawa ta cewa ya gama, wadda ake kira FIN, ba ta cikin kulle. Duk wanda ke kan hanya yana iya ƙirƙirar ta ya jefo maka. Idan manhajarka ta yarda da wannan alama a matsayin ƙarshen magana, to kowa ma yana iya yanke maka hira a daidai inda ya ga dama, kai kuma ka ɗauka an gama lafiya.

Wannan ba hasashe ba ne. SSL 2.0, kakan TLS, wanda kamfanin Netscape ya fitar a 1995, da wannan ramin ya zo, domin da rufewar TCP kaɗai yake sanin ƙarshe. Da aka fitar da SSL 3.0 a 1996 sai aka ƙara wani ɗan saƙo mai suna close_notify, wanda zan riƙa kira saƙon rufewa. Ya wuce cikin TLS 1.0 a 1999, yana nan a TLS 1.2 na 2008, yana nan kuma a TLS 1.3 na 2018. Girmansa bayit biyu ne kacal: na farko 1, na biyu 0. Amma yana tafiya ne cikin kulle, da hatimi da lambar jeri kamar sauran gunduwoyi, saboda haka na tsakiya ba zai iya ƙirƙirar sa ba. Ganinsa shi ne hujjar cewa duk abin da aka aiko maka ya iso, babu saura.

A Zuru da wuya ka sami dangin da babu soja a cikinsu, kuma manya za su tuna zamanin da ɗa ke rubuto wasiƙa daga bariki a nemo mai karantawa. A ce wasiƙar shafi biyu ce. Na farko ya ƙare da cewa a sayar da saniya a gyara rufin ɗaki. Na biyu ya ci gaba da cewa amma sai idan kuɗin da ya aiko ta hannun abokinsa ba su iso ba, sannan a ƙasa ya rufe da haza wassalam. Idan shafi na biyu ya salwanta a hanya, kowace kalma ta shafin farko gaskiya ce, rubutun hannunsa ne, babu wanda ya taɓa ta, amma saniya ta tafi. Mai karatu mai hankali zai juya takardar ya ce bai ga rufewa ba, a dakata tukuna. Irin hankalin da ake so manhajarku ta yi ke nan.

Ku kawo shi kan aikinku. A ce kun rubuta wa wata ƙungiyar manoma manhajar da ke sauko da jerin sunayen waɗanda za a ba taki, sunaye 400, kowane suna a sahunsa. Layi ya yanke bayan suna na 312, kuma ya yanke daidai ƙarshen sahu. Fayil ɗin zai buɗe lafiya lau, babu harafin da ya karkace. Sakatare zai buga shi a takarda, a manna a bango, mutum 88 su zo su duba su koma gida suna cewa an yi musu siyasa. Babu ɗan damfara a cikin wannan labarin, hadari ne kawai ya taso. Manhajar da ba ta bambance gamawa da yankewa ita ce ta juya matsalar sabis ta zama rigimar gari.

Idan kuma da mai mugun nufi, abin ya fi haka. A 2013 wasu masu bincike biyu, Ben Smyth da Alfredo Pironti, sun nuna a taron Black Hat na Amurka cewa da yanke kullallen layi a daidai lokacin da ya dace za a iya sa mutum ya ga alamar ya fita daga akwatin imel ɗinsa alhali har yanzu a buɗe yake. Sun gwada a kan Gmail da Hotmail, sun kuma gwada a kan wani tsarin jefa ƙuri'a ta intanet mai suna Helios. Ba su fasa kullen ba, ba su ma gwada ba. Sun lura ne cewa shafin yana gaya wa mutum an gama kafin saba ta tabbatar. Wanda ya fi shiga wannan haɗari shi ne mai amfani da kwamfutar da jama'a ke hawa, wato irin ta kafe da shagunan da ake cike fom ɗin JAMB da biyan kuɗin makaranta, inda yaro ke tashi wani ya zauna a kujerar tun ba ta huce ba. A wasu ƙasashe wannan yanayi ne na jefi-jefi. A garinmu haka yawancin ɗalibai suka fara taɓa intanet.

To yaya ake rufewa? Zan yi misali da OpenSSL, domin ko da Python ko PHP kake rubutu, galibi shi ne a ƙarƙashi. Jerin shi ne: ka tabbatar duk abin da za ka aika ya fita, ka aika saƙon rufewa da SSL_shutdown, sannan ka rufe soket, sannan ka saki ma'ajiyar da layin ya riƙe. Masu koyo sukan tsallake na biyun, su rufe soket kai tsaye, kuma a gwajin da suke yi cikin ɗaki komai yana tafiya daidai, shi ya sa kuskuren ke daɗewa. Amsar da SSL_shutdown ke dawowa da ita tana rikita mutane. Idan ya dawo da 0, ba gazawa ba ce: naka saƙon ya tafi, na abokin hira bai iso ba tukuna. Idan ya dawo da 1, kowa ya rufe. Idan ya dawo da lamba ƙasa da sifili sai ka tambayi dalili, domin wani lokaci cewa kawai yake yi ka dakata soket ya shirya ka sake kira. Akwai kuma inda ba a kiransa sam: idan layin ya riga ya mutu da babban kuskure, takardun OpenSSL kansu sun hana. Sannan a Linux, rubutu a kan soket ɗin da wancan ɓangaren ya riga ya rufe yana iya jawo siginar SIGPIPE, wadda ke kashe manhaja ɗungurungum idan ba ka yi mata tanadi ba. Akwai abin dariya a nan: manhaja ta yi aikinta lafiya daga farko har ƙarshe, ta mutu wajen yin ban kwana.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko za ka jira amsar rufewa daga wancan ɓangaren. Ƙa'ida ba ta tilasta maka jira ba idan rufe soket ɗin za ka yi gaba ɗaya. Amma akwai tarko a nan da ya kamata ku fahimta da kyau, domin shi ne ke cinye bayani ba a sani ba. Idan ka rufe soket alhali akwai abin da aka aiko maka da ba ka karanta ba, Linux ba ya aika FIN na lalama, RST yake aikawa, wato yanke na ƙarfi. RST kuwa yana iya sa a zubar da abin da bai riga ya fita daga wajenka ba, yana iya sa wancan ɓangaren ma ya zubar da abin da ya iso masa bai kai ga karantawa ba. Za ka ce ai kai aikawa kawai kake yi, babu abin da kake jiran karantawa. A TLS 1.3 wannan zato ba ya tsayawa, domin bayan an gama gaisuwa saba takan aiko da tikitin da za ka yi amfani da shi wajen dawowa nan gaba, kuma OpenSSL guda biyu yake aikowa idan ba a sauya masa tsari ba. Manhajar da ta buɗe layi, ta tura rahoton cinikin yau, ta rufe nan take, ta bar tikitocin nan zaune ba a karanta ba. RST ya tashi, ƙarshen rahoton ya ɓace, ita kuma ta rubuta wa mai shago an tura. Maganinsa shi ne bayan ka aika saƙon rufewa ka ci gaba da karantawa har ka ga nasu saƙon ko layin ya ƙare. Manyan manhajojin saba irin su Apache da nginx sun daɗe da ɗan jinkirin da suke yi kafin rufewa saboda wannan matsala ta RST.

Sai dai jiran nan dole a sa masa iyaka. Wayar da ta shiga kwari ta rasa sabis ba za ta taɓa amsawa ba, kuma TCP yana iya shafe mintuna da yawa yana sake gwadawa kafin ya haƙura. Sabar da ke jiran kowane layi har abada za ta cika da matattun layuka, masu rai su rasa wuri. Masu yaren Go sun sa daƙiƙa 5 a kan aika saƙon rufewa, idan bai fita ba a wuce. Ba wahayi ba ce lambar, amma ta nuna girman da ake magana a kai: daƙiƙoƙi ne, ba mintuna ba.

Akwai wani bambanci da ya kamata ku riƙe. A TLS 1.2, da ka ga saƙon rufewa sai ka mayar da naka ka tsaya, ko da kana da sauran abin aikawa. TLS 1.3 ya sauya wannan: saƙon yana nufin mai aiko shi ya gama nasa rubutun, amma yana iya ci gaba da sauraro, kai kuma kana iya ƙarasa naka. Kod ɗin da kuka kwafo daga tsohon darasi yana iya kasancewa da tunanin da.

Yanzu ɓangaren karɓa, inda na fi so ku yi taurin kai. Idan karatu ya tsaya, OpenSSL yana gaya maka ɗayan biyu: ko dai SSL_ERROR_ZERO_RETURN, ma'ana saƙon rufewa ya iso, ko kuma layin ya mutu babu shi. Duniya ta daɗe tana sakaci da wannan bambanci, domin saba da yawa, har da na manyan shafuka, ba sa damuwa da aika saƙon. A watan Maris na 2020 masu OpenSSL suka fitar da 1.1.1e, wanda ya fara ɗaukar yankewa babu saƙon rufewa a matsayin kuskure bayyananne. Manhajoji suka fara kuka ta ko'ina, kafin watan ya ƙare aka fitar da 1.1.1f aka janye sauyin. Sai da 3.0 ya fito a Satumbar 2021 aka dawo da shi, tare da wani maɓalli na kashe shi ga wanda ya ga zai iya. Saboda haka wata rana za ku ga rubutun nan, "unexpected eof while reading", ku je nema, amsar farko da za ku samu ita ce ku kunna maɓallin ya yi shiru. Kafin ku kunna, ku amsa tambaya ɗaya: idan ba da saƙon rufewa ba, da me manhajata za ta san bayani ya cika? Idan saba ta faɗi tsawon abin da za ta aiko tun a kai, kamar yadda HTTP ke yi da Content-Length, ko tana aikowa kashi-kashi ta rufe da kashi mai tsawon sifili, kuma kod ɗinku yana ƙirgawa da gaske, to kuna da wata hujjar, kashe ƙarar ba zai cutar ba. Idan kuwa mutuwar layi ce kaɗai alamar ƙarshe a wajenku, kashe ƙarar daidai yake da yarda da jerin sunaye 312. Masu Python ku lura: soket ɗin ssl, a yadda ya zo, yana haɗiye irin wannan yankewa ya nuna muku kamar an gama lafiya, kuma rufe shi kawai ba ya aika saƙon rufewa, sai an kira unwrap.

Ni a ganina, duk tsarin da za ku ƙirƙira da kanku, ku sa tsawon saƙo a gabansa, ku sa saba ta amsa da bakinta cewa ta karɓa ta adana. Domin ko rufewa mai kyau ba ta ce aiki ya yiwu ba. Abin da ta ce kawai shi ne duk bayanin da aka aiko ya iso. Ko an cire kuɗin, ko an rubuta sunan ɗalibin a rajista, wannan magana ce ta hawa na sama. Shi ya sa manhajar da ta shafi kuɗi ke buƙatar amsa uku, ba biyu ba: ya yiwu, bai yiwu ba, da kuma ba a sani ba tukuna. Ta ukun ce masu koyo ke jin kunyar nunawa, sai su tura ta cikin ɗayan biyun. Idan suka kira ta nasara, mai shago ya ba da kaya a banza. Idan suka kira ta gazawa, mai saye ya sake turawa a cire masa sau biyu. Ku ba kowane ciniki lambarsa tun kafin ya bar waya, irin lambar RRN da kuke gani a jikin rasit ɗin POS, ta yadda idan layi ya yanke za ku koma ku tambayi saba da wannan lamba, kuma idan an sake turo buƙata da lambar da ta riga ta gani, saba ta mayar da amsar farko maimakon ta maimaita aikin.

Sauran ribar rufewa da kyau ƙanana ne amma suna taruwa. OpenSSL yana cire bayanan gaisuwar layin da aka watsar ba rufewa daga ma'ajiyarsa, sai dawowa ta gaba ta zama cikakkiyar gaisuwa da sake sauko da takardun shaida, wanda a kan sabis mai sanda ɗaya jira ne na gaske kuma data ce ta wani. Soket ɗin da aka manta ba a rufe ba bayan wancan ɓangaren ya rufe kuwa yana zama a halin CLOSE_WAIT, irinsu suna taruwa a hankali, kuma a Linux da yawa iyakar fayilolin da manhaja ɗaya ke iya buɗewa 1024 ce idan ba a ɗaga ba. Irin wannan saba takan yi sati tana aiki lafiya, ta tsaya cak ranar da aka fi buƙatarta, a kashe a kunna ta dawo, a ce aljanu ne.

Gwajin wannan bai fi ƙarfinku ba, kuma kuna da abin da masu manyan ofisoshi ke kashe kuɗi su kwaikwaya, wato layi mara tabbas. Ku haɗa laftof da hotsifot ɗin waya, ku fara sauko da babban fayil, ku kashe data a tsakiya, ku ga me manhajar za ta ce. Ku sake, wannan karon ku kashe sabar da ƙarfi. Ku sake, ku yanke bayan buƙata ta tafi amma kafin amsa ta dawo, domin nan ne kuɗi ke ɓata. Sannan ku buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa a layi, kyauta ce, ku kalli rufewa ta lafiya da idonku. A TLS 1.2 za ku ga wata 'yar gunduwa mai lambar nau'i 21 kafin FIN. A TLS 1.3 an ɓoye nau'in, za ta fito da lamba 23 kamar sauran bayani, sai dai ƙanƙantarta da zuwanta a ƙarshe su nuna muku ita. Idan kun ga FIN ko RST babu wannan 'yar gunduwa a gabansa, ku koma cikin kod ku nemo inda aka tsallake ta. Galibi a hanyar da kod ke bi ne idan wani kuskure ya faru, inda aka yi gaggawar fita aka bar layi a buɗe.